ƘUNGIYAR EL-KANEMI TA MAIDUGURI: WA ZAI ƊAUKI NAUYINTA?

Daga Wakilinmu

Ran Asabar 29 ga watan Yuni na shekarar 2024, a filin wasa na Onikan da ke Ikko, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema, ta ɗauke Kofin Ƙalubale na ƙasa, wanda a yanzu ake kira Kofin Tarayya na Shugaban Ƙasa. Abin da ya ƙara wa wannan nasara armashi shi ne, a lokacin ƙungiyar tana rukuni na biyu ne, ga shi kuma rabonta da wannan kofi shekara 32 ke nan cur. A shekarar ce kuma ta sami hayewa zuwa rukuni na ɗaya, watau ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mutanen Barno sun yi murna, kuma sun cancanci su yi. Amma duk wanda ya taɓa riƙe ko da ƙaramar ƙungiyar unguwa ya san cewa ranar ɗaukar kofi rana ɗaya ce tak, sauran kwanakin shekara kuwa na biyan albashi ne, da sayen mai, da kuɗin masauki, da jinyar wanda ya karye. Waɗannan su ne abubuwan da 'yan kallo ba su gani daga kan benci, alhali kuwa su ne ke rayar da ƙungiya, su ne kuma ke kashe ta.

Saboda haka a wannan mako muka ga ya kamata mu duba wa masu karatu yadda ake riƙon ƙungiya irin wannan, inda kuɗinta ke fitowa, da inda suke tafiya, da kuma abin da zai sa ta ɗore ko da wata rana hannun da ke ciyar da ita ya gaji. Maganar ba ta Maiduguri kaɗai ba ce, gama abin da ya shafi El-Kanemi ya shafi Kano Pillars, da Katsina United, da Wikki Tourists ta Bauchi, da sauran ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke riƙe da su.

ASALIN ƘUNGIYAR

An kafa El-Kanemi Warriors a shekarar 1986, watau shekara goma bayan da aka yanke Jihar Barno daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas a 1976. An raɗa mata sunan Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, malamin da ya tsare daular Barno a farkon ƙarni na 19, ya kafa birnin Kukawa a 1814, wanda kuma zuriyarsa ce ke kan gadon sarautar Barno har gobe. Ɗaukar suna irin wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a ƙasar Barno.

Ba ta daɗe da kafuwa ba ta fara jawo manyan 'yan wasa. Samson Siasia, wanda daga baya ya yi wa Nijeriya wasa a gasar cin kofin duniya ta 1994, ya taka leda a Maiduguri kafin ya wuce ƙasar Beljiyam. Amma zamanin da tauraruwarta ta fi haskawa shi ne lokacin da marigayi Shu'aibu Amodu ke koyar da 'yan wasanta. A 1991 ta haɗu da Kano Pillars a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, ta ci uku, Pillars na da biyu. A 1992 ta sake ɗaukar kofin bayan ta doke Stationery Stores ta Ikko da ci ɗaya mai ban haushi. A 1993 kuwa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, inda Al Ahly ta Masar ta fitar da ita, ta kuma je ta ɗauki kofin. A 2001 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na gida, amma Dolphins ta Fatakwal ta hana ta.

Don mai karatu ya san darajar wannan kofi, an fara gasarsa ne tun 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma ƙungiyoyin Ikko ne suka yi ta cinye shi har sai 1953, lokacin da Kano ta zama ta farko da ta fitar da shi daga Ikko. Ƙungiyar da ta ɗauke shi sau uku ta shiga sahun manya ke nan, ko da kuwa ba ta taɓa zama zakarar gasar rukuni-rukuni ba.

Sai dai tarihin nata na hawa da sauka ne. In muka ɗauki 'yan shekarun baya kaɗai, ta faɗa rukuni na biyu a 2019, ta dawo a 2022, ta sake faɗawa a 2023, ta kuma dawo a 2024 a ƙarƙashin mai koyarwa Aliyu Zubairu. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ƙungiyar da ke cin kofi yau, gobe ta faɗi, jibi ta tashi, ba gwanaye ta rasa ba, tushen da za a ɗora gini mai ɗorewa ne bai zauna da gindinsa ba.

SHEKARUN HIJIRA

Ba za a yi wa El-Kanemi adalci ba in ba a ambaci abin da ya sami garinta ba. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya mai da Maiduguri garin dokar hana fita da shingayen soja. Da abin ya tsananta, masu shirya gasa suka ga ba za a iya kai baƙin ƙungiyoyi da alƙalan wasa can ba, sai aka tilasta wa ƙungiyar yin wasanninta na gida a wasu garuruwa, kamar Kano da Katsina. Ba ta koma filinta ba sai a 2016, lokacin da Ladan Bosso ke koyar da ita.

Mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi ta fuskar kuɗi. Daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne. Ƙungiyar da ke wasan gida a garin wasu ba ta da kuɗin ƙofa na kirki, domin magoya bayanta ba za su iya bin ta ba. Ga kuɗin masauki da abinci na kowace rana, domin 'yan wasa ba gidajensu za su koma ba bayan an tashi. Watau kuɗin shiga ya ƙafe, na fita ya ninka. In da ɗan kasuwa ne ke riƙe da ita a wannan hali, da wuya ya jure shekara guda. Gwamnatin jihar ce ta ci gaba da ɗaukar nauyi, kuma wannan abin a yaba ne, gama da ta saki, da yanzu sai dai labari.

Akwai dalilin da ya sa ba a saki ba. A garin da samari suka yi shekaru ba su da wurin taruwa, buɗe filin wasa alama ce ta cewa rai ya fara dawowa. Masu tayar da ƙayar baya ma sun san haka, shi ya sa suka sha kai hari wuraren kallon ƙwallo, kamar wanda aka kai a Damaturu a watan Yuni na 2014, da na Konduga a watan Yuni na 2019 wanda ya ci rayuka wajen 30. Duk da haka jama'a ba su bar ƙwallo ba. Saboda haka a Barno ƙungiyar nan ta wuce abin nishaɗi kawai, ta zama wani ɓangare na farfaɗowar gari.

INA KUƊIN KE TAFIYA?

Abu na farko shi ne albashi. A zamanin kamfanin LMC, wanda ya gudanar da gasar rukuni na ɗaya daga 2013 zuwa 2022, an ƙayyade cewa kada a biya ɗan wasa ƙasa da Naira 150,000 a wata. Bari mu yi lissafi na misali. In ƙungiya tana da 'yan wasa 35, kuma kowa mafi ƙarancin nan yake karɓa, to a wata ana bukatar Naira miliyan 5 da dubu 250, a shekara kuwa Naira miliyan 63. Wannan kafin a zo kan mai koyarwa da mataimakansa, da likita, da mai tausa, da sakatare, da direbobi, da masu kula da fili. Kuma kowa ya san gwanin ɗan wasa ba ya zama a kan mafi ƙarancin albashi, in ba a ƙara masa ba wata ƙungiya za ta ɗauke shi. Ban da albashi akwai ladan cin wasa da ake ba 'yan wasa duk ranar da suka yi nasara ko suka yi kunnen doki a waje.

Abu na biyu shi ne tafiya, kuma a nan ne Maiduguri ta fi kowa shan wahala. Ƙungiyoyi 20 ne ke rukuni na ɗaya, kowace tana yin wasa 38 a kaka guda, 19 a gida, 19 a waje. Maiduguri tana can ƙuryar arewa maso gabas, daga nan zuwa Ikko ya haura kilomita 1,500. Zuwa Fatakwal, ko Aba, ko Uyo, ko Ibadan, duk tafiya ce ta kwana biyu a mota in ana son 'yan wasa su isa da sauran ƙarfi. In an ce a hau jirgin sama, to kuɗin kujerar mutum 30 zuwa da dawowa sau da yawa a shekara ba wasa ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin mota da na jirgi duk suka yi tashin gwauron zabo.

Abu na uku shi ne fili da kayan aiki. Ciyawa, ko ta Allah ko ta roba, tana son kulawa, balle a gari mai zafi da ƙura irin Maiduguri. Akwai ruwa, da wuta, da ɗakunan sauya tufafi, da 'yan sanda da masu tsaron ƙofa a ranar wasa. Akwai riguna da takalma da ƙwallaye da magunguna. In magoya baya suka yi jifa ko suka taɓa alƙalin wasa, hukumar gasa takan ci tarar ƙungiya, wani lokaci ma ta rage mata maki ko ta kore ta daga filinta, kamar yadda ya sha faruwa ga ƙungiyoyi da dama a ƙasar nan.

Abu na huɗu kuwa, abin mamaki, ita ce nasara kanta. Wanda ya ci kofi shi zai wakilci ƙasa a gasar Afirka, kuma hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ba ta yarda a yi wasanta sai a filin da ta amince da shi. A watan Agusta na 2024 El-Kanemi ta karɓi baƙuncin Dadje ta Jumhuriyar Binin a garin Ikenne na Jihar Ogun, nesa da jama'arta, aka kuma fitar da ita tun a zagayen farko. Ke nan hijirar da tsaro ya jawo a da, rashin filin da ya cika sharuɗɗa ya sake jawo ta.

To daga ina kuɗin ke shigowa? A ƙa'ida hanyoyi biyar ne: kuɗin ƙofa, da tallan kamfanoni, da kason talabijin, da sayar da 'yan wasa, da kyautar cin gasa. A Nijeriya kusan dukkansu sirara ne. Rangers ta Enugu da ta zama zakara a 2024 Naira miliyan 150 aka ba ta, kuma ƙungiya ɗaya ce cikin 20 ke samun wannan. Filin El-Kanemi ana ƙiyasta yana ɗaukar mutum wajen 10,000. In da a misali zai cika maƙil a duk wasanni 19, kowa ya biya Naira 500, abin da za a tara Naira miliyan 95 ne. Amma a filayenmu sau da yawa rabin 'yan kallo ba su biya, wannan ɗan'uwan mai tsaron ƙofa ne, wancan yaron wane ne, wani lokaci ma buɗe ƙofa ake yi kyauta don a cika fili. Giɓin da ya rage baitulmalin jiha ne ke cike shi.

ZAMANIN KAMFANONI DA ATTAJIRAI

Dattawan da suka kalli ƙwallo a shekarun 1970 da 1980 za su tuna cewa ba haka abin yake ba a da. Mighty Jets ta Jos, wadda ta zama zakara ta farko da aka fara gasar ƙasa a 1972, Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ya ɗauki nauyinta. Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara a 1978. A Kaduna akwai DIC Bees ta masana'antar kayan soja, wadda daga baya ta koma Ranchers Bees a hannun Alhaji Muktar Aruwa, har ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka a 1988. Masaƙar UNTL tana da tata ƙungiya. A Gboko kamfanin siminti na Binuwai ya riƙe BCC Lions har ta ciyo kofin Afirka a 1990. Ita kanta Kano Pillars an kafa ta ne a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North.

A wancan zamani ɗan wasa yakan zama ma'aikacin kamfani, yana da albashi, in ƙafa ta gaji ya koma ofis ko masana'anta. Amma tsarin yana da nasa rauni, domin ran ƙungiya yana hannun mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya. Leventis United ta Ibadan ta taso daga rukuni na uku a 1984, ta zama zakarar ƙasa a 1986, amma bayan kakar 1987 masu ita suka rushe ta. Haka marigayi Cif M.K.O. Abiola ya yi da Abiola Babes a wannan lokaci, alhali tana riƙe da Kofin Ƙalubale. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya karya masana'antu da bankuna da yawa, ƙungiyoyinsu suka bi su. Cif Emmanuel Iwuanyanwu ya riƙe tasa shekara 20, a 2006 ya mayar wa gwamnatin Jihar Imo, aka sauya mata suna zuwa Heartland.

Da aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a 1990 an yi fatan ƙungiyoyi za su zama kamfanoni masu cin gashin kansu, masu filayensu da asusunsu. Abin da ya faru shi ne akasin haka. Kamfanoni suka janye, gwamnatocin jihohi suka gaji kayan, har ya zama mafi yawan ƙungiyoyin rukuni na ɗaya nasu ne.

ILLAR DOGARO DA HANNU ƊAYA

Riƙon gwamnati yana da amfani, mun ga yadda ya ceci El-Kanemi a shekarun hijira. Amma yana da illoli da suka bayyana a ko'ina cikin ƙasar nan. Na farko, kuɗin gwamnati yana bin hanyar takarda ne, daga ma'aikatar wasanni zuwa ta kuɗi zuwa ofishin Akanta Janar, alhali jadawalin wasa ba ya jiran sa hannun kowa. Shi ya sa aka sha ganin 'yan wasan ƙungiyoyin jihohi daban-daban suna zanga-zanga a ƙofar gidan gwamnati saboda bashin albashi. Na biyu, shugabannin ƙungiya naɗa su ake yi, in gwamnati ta sauya sai a rushe hukumar, sababbi su zo su fara daga farko, da sabon mai koyarwa da sababbin 'yan wasa. Na uku, wanda ya san kuɗi zai zo daga sama ko an cika fili ko ba a cika ba, ba zai wahalar da kansa wajen neman talla ko toshe ɓarakar ƙofa ba.

Ga Barno kuma akwai wani nauyi na musamman. Jiha ce da ke sake gina garuruwa da makarantu da asibitoci, tana mai da 'yan gudun hijira gidajensu. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, wadda ita ce cibiyar cinikin Maiduguri. Ran 10 ga watan Satumba na 2024, watau ƙasa da wata uku bayan ɗaukar kofi, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye unguwanni da yawa, ta raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu. A irin wannan rana, in aka ajiye wa mai mulki takardar kuɗin tafiyar 'yan ƙwallo da ta abincin waɗanda ruwa ya kora, kowa ya san wadda zai fara sa wa hannu, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ƙungiyar da ba ta da wata madogara sai wannan tebur, kullum tana cikin haɗari.

YADDA WASU KE YI

Ba sai mun je nesa ba. A garin Garwa na arewacin Kamaru akwai Coton Sport, wadda aka kafa a 1986, shekara ɗaya da El-Kanemi. Kamfanin auduga na ƙasar, SODECOTON, shi ne ginshiƙinta. Ta gina wurin horar da yara nata, ta zama zakarar Kamaru fiye da sau 15, ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Ita ma nesa take da Duwala da Yawunde, ita ma a ƙasar zafi take, amma ta ɗaure ƙwallonta da abin da ƙasarta ke nomawa, ta mai da renon yara sana'a.

A gida Nijeriya kuwa, Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta zama zakarar ƙasa a 2025. Tana da filinta, tana da makarantar yara mai suna Beyond Limits, wadda ke fitar da 'yan wasa ana sayar da su Turai, kuɗin na dawowa cikin ƙungiya.

Hanya ta uku ita ce ta jama'a. Al Ahly ta Masar, wadda aka kafa a 1907, ta membobi ce masu biyan kuɗin shekara, su ne kuma ke zaɓen shugabanta. Barcelona ta ƙasar Sifen tana da membobi fiye da 140,000. A Jamus tun 1998 akwai dokar da ta ce, in ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan, ko an shigo da masu zuba jari, rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun membobi. A Tanzaniya ƙungiyoyin Simba da Young Africans sun haɗa membobi da 'yan kasuwa, ga shi Young Africans ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubalen Afirka a 2023, Simba kuma a 2025. Darasin da ke ciki shi ne, murhu ba ya zama da dutse ɗaya.

ƘUNGIYOYIN UNGUWA

Yayin da ake maganar miliyoyi, kada a manta da inda 'yan wasan ke fitowa. A Gwange, da Hausari, da Bulumkutu, da Shehuri, da Mafoni, da sauran unguwannin Maiduguri, kamar yadda yake a Fagge ko Tudun Wada, da la'asar sakaliya za ka tarar da samari a filin makarantar firamare ko a wani fegi da ba a gina ba. Waɗannan ƙungiyoyi da karo-karo suke rayuwa. Kowa ya kawo abin da ya samu a sayi ƙwallo, wani mai shago ya ɗinka riguna, wani ɗan siyasa ya sa kofi in zaɓe ya gabato, bayan zaɓe kuma a neme shi a rasa. Mai koyarwa galibi tsohon ɗan wasa ne da ke yi don sha'awa, sau da yawa ma daga aljihunsa ake biyan kuɗin mota.

Abin da da yawa daga cikinsu ba su sani ba shi ne, dokokin hukumar ƙwallon duniya, FIFA, sun tanadar musu haƙƙi. In aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin kwantaraginsa ya ƙare, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Amma ba a biyan wanda ba shi da shaida. Sai ƙungiya tana da rajista da hukumar ƙwallon jiha, kuma sunan yaron yana rubuce a matsayin ɗan wasanta a waɗannan shekaru. Rashin wannan 'yar takarda ya sa wasu dillalai kan ɗauke yaro, a ci ribarsa a waje, wanda ya sha ƙura da shi shekara biyar bai sami ko sisin kwabo ba. Saboda haka abu na farko da ya kamata kowace ƙungiyar unguwa ta mallaka, kafin ma sababbin riguna, shi ne rajista, da littafin sunaye, da ma'aji wanda ba shi ne shugaba ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba muna cewa gwamnati ta tsame hannunta yau ba, yin haka kashe ƙungiyar ne. Abin da muke gani shi ne a ƙara duwatsun murhu, sannu a hankali.

Da farko a buɗe rajistar membobi, da kati, da asusun banki da kowa ya sani. In a misali mutum 20,000 daga Barno da 'yan Barno mazauna Kano da Abuja da Ikko za su riƙa ba da Naira 1,000 a wata, a shekara an tara Naira miliyan 240. Amma ba wanda zai ba da kuɗinsa sai ya san yana da murya, watau a ba membobi kujeru a hukumar gudanarwa, su zaɓi wakilansu.

Na biyu, a riƙa buga lissafin shiga da fita kowace shekara bayan masu binciken kuɗi sun duba shi. Wannan ma yana cikin sharuɗɗan lasisin da CAF ta gindaya wa ƙungiyoyi, waɗanda suka shafi wasa, da fili, da ma'aikata, da matsayin shari'a, da kuɗi. Kamfani ba ya sa sunansa a rigar da bai san inda kuɗinsa za su shiga ba.

Na uku, a nemi 'yan kasuwar gida. Maiduguri gari ne na fataucin kifi da shanu da wake da hatsi, mashigar Chadi da Kamaru da Nijar. Ƙungiyoyin 'yan Kasuwar Monday, da na kasuwar kifi ta hanyar Baga, da masu motocin haya, in an girmama su an nuna musu lissafi, kowace za ta iya ɗaukar wani abu, wannan man tafiya, wancan allon talla a bakin fili.

Na huɗu, a gyara ƙofa. Tikiti mai lamba, farashi mai sauƙi, kowa ya biya, babba da yaro, manya kuma su fara nuna misali.

Na biyar, a ƙulla zumunci a rubuce tsakanin El-Kanemi da ƙungiyoyin unguwa da makarantu, har da Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Ramat, yadda yaron da ya taso a Gwange zai san akwai tsani daga filin unguwarsu zuwa babban fili, wanda ya rene shi kuma ya san rabonsa ba zai salwanta ba. Kason da gwamnati ke bayarwa kuwa a mai da shi tsayayye cikin kasafin shekara, a riƙa sakinsa a kan lokaci, a kuma bar hukumar ƙungiya ta cika wa'adinta ko da an sami sauyin mulki.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙungiyoyin da suka fi El-Kanemi kuɗi da suna a shekarun 1980 sun shuɗe, saboda ranar da mai su ya gaji ba a sami wanda zai karɓa ba. Mutanen Barno suna da damar kauce wa wannan tun da sauran lokaci, kuma shawara ta rage ga hukumar ƙungiyar, da 'yan kasuwa, da magoya bayan da ke cika fili ran wasa. Muna kuma jiran wasiƙun masu karatu daga sauran jihohi, su gaya mana yadda ake riƙon ƙungiyoyin garuruwansu. Allah ya ƙara wa Barno zaman lafiya, amin.